Uku ga Agusta da Ranakun da Ba a Rubuta Ba



Gidajen rediyo da jaridu suna da wata al'ada ta karanto abubuwan da suka faru a rana mai kamar ta yau: wa aka haifa, wa ya rasu, ina aka gwabza yaƙi, ina sojoji suka ƙwace mulki. Idan aka buɗe shafin 3 ga watan Agusta, kaya ne maƙil. A ranar ce, cikin 1492, Kolumbus ya tashi da jirage uku daga gaɓar Sifaniya, tafiyar da ta kai Turawa nahiyar Amurka. A ranar ce, cikin 1914, Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Faransa. A 1936 baƙar fatar Amurka Jesse Owens ya lashe tseren mita ɗari a Balin, a ƙasar da Hitila ke mulki. A 1979 Obiang Nguema ya hamɓarar da ɗan'uwansa Macias a Ikwatoriyal Gini, a 2005 kuma sojojin Muritaniya suka kifar da Mu'awiya Wuld Taya. Takardu sun ce a ranar aka haifi Habib Burgiba na Tunisiya cikin 1903, kuma a ranar marubucin Rasha Solzhenitsyn ya mutu cikin 2008. Can a tsakiyar jerin, a layi guda, sai a ce: 1960, Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa. Mai karatu ya numfasa, a sa kiɗa, a wuce ga labarin wasanni.

Tambayar da sharhin yau ya tsaya a kanta ita ce: me ya haɗa waɗannan abubuwa? Amsata ita ce babu abin da ya haɗa su sai kalanda, ita kuwa kalanda ƙirar mutum ce. Kolumbus ya tashi ne da lissafin tsohuwar kalandar Turawa, wadda Paparoma ya gyara a 1582 ya zubar da kwana goma daga cikinta. Da lissafin da muke amfani da shi yanzu aka bi, da ranar tashinsa ta faɗa 12 ga wata, da kuma ba ya cikin jerinmu sam. Ranar haihuwar Burgiba ma masana tarihin ƙasarsa suna ja-in-ja a kanta, wasu na ganin ya girmi abin da takarda ta ce. Mu kuma nan da muke bin wata don azumi da salla mun fi kowa sanin wannan. 'Yancin Nijar ya zo ne cikin watan Safar na shekarar 1380 bayan hijira, kuma tun da shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana goma sha ɗaya, da da ita muke bikin, da ya zagaya da mu damina da kaka da ɗari da bazara, da kuma wasu mutane dabam ne za su zama abokan ranarmu. Saboda haka duk wanda ya ce maka akwai wani sirri a ranar kaza don manyan abubuwa sun taru a cikinta, ka tuna masa cewa kwanakin shekara 365 ne kacal, tarihin 'yan Adam kuwa dubban shekaru ne. Kowace rana ka buɗe za ka same ta cike, kamar yadda kowace rumfar kasuwa ka leƙa ranar cinta za ka tarar da mutane.

Hatta tamu ranar, in aka bi asalinta, tsarin tafiya ne ya haife ta. Ƙasashe huɗu na ƙawancen Antanti suka sa hannu da Faransa a Faris cikin watan Yuli na 1960, sannan aka jera musu ranaku bi da bi, da tazarar kwana bibbiyu: Dahome ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3, Hot Bolta ranar 5, Kodebuwa ranar 7, yadda manyan baƙi za su iya sauka a kowane babban birni su halarci biki su wuce na gaba. Jamhuriyar kanta an riga an kafa ta tun 18 ga Disamba 1958. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 don a samu 'yanci nan take, an haramta ta tun 1959, ba ta cikin masu biki. Lokacin da Diori Hamani ke shelar 'yanci a Yamai, manomin Tabotaki ko na Garhanga yana duƙe a gonarsa yana maimai, kuma haraji bai fasa zuwa ba a shekarar. Ban faɗi wannan don rage darajar ranar ba. Na faɗe shi ne don mu gane cewa ranar ta zo mana kamar sabuwar ƙwarya, abin da aka zuba mata daga baya shi ya ba ta nauyi.

Abin da aka zuba mata, mu mutanen yankin Madawa da Buza da Keita mun fi kowa ganinsa da ido. Fari ya ci ƙasar nan daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa 1974, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka bushe, kuma zargin wasa da abincin agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kunce ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974. Daga 1975 aka haɗa ranar 'yanci da bikin dashen itatuwa. Akwai masu cewa dabara ce ta siyasa: soja ya karɓi mulki, ba ya son ranar da ke tuna wa mutane wanda ya tumɓuke, sai ya lulluɓe ta da ganye, ya mai da hankalin jama'a ga tasa ranar ta Afrilu. Wannan magana ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin kowace gwamnati a ƙasar nan ta so ta kafa tata rana, har zuwa 26 ga Yuli, ranar da sojoji suka karɓi mulki a 2023, da aka mai da ranar hutu a 2024. Amma ko da niyyar ta gauraya, zaɓin ya dace da ƙasa. Farkon Agusta lokacin marka ne, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, ɗan icen da aka dasa yana da sauran makonni na ruwan sama kafin iskar kaka ta busa. Da a watan Disamba aka ba mu 'yanci, da ba mai iya haɗa shi da dashe. Nan ne kaɗai, a duk jerin da na karanto muku, kalandar ofis ta haɗu da kalandar manomi, kuma shi ya sa ranakun gwamnatoci suka zo suka wuce, wannan kuwa ta zauna.

A wannan shekara ta 1975 ɗin aka fara wani aiki a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, wanda ba za ka taɓa ji a jerin rana mai kamar ta yau ba. Kwarin yana da ƙasa mai kyau da ruwa kusa, amma an sare itatuwansa, iskar rani tana kwashe ƙasar sama, iskar farkon damina kuma tana binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Ma'aikatan gandun daji na Buza tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, suna gitta hanyar iska, da tazarar kimanin mita ɗari tsakanin shinge da shinge. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon waɗannan layuka ya kai ɗaruruwan kilomita, kuma awon da aka yi a gonakin da ke bayansu ya nuna hatsi ya ƙaru, a wasu wurare da kusan kashi ɗaya cikin biyar, duk da filin da itatuwan suka cinye. Daga baya aka fara sassabe rassan ana sayar da itacen girki da na gini. Abin lura a nan shi ne abin da ya raya itatuwan. An ɗauki masu gadi ana biyansu, aka hana dabbobi shiga kwarin na shekaru har itatuwan suka fi ƙarfin baki. Wannan hani ya yi wa makiyaya da matan da ke kiwon awaki ciwo, kuma an yi ta ƙorafi a kansa, har da batun wa ke da icen da aka dasa a gonar wani. Ke nan shingen Majiya da gadi da rigima da sulhu aka gina shi, kwana bayan kwana, ba ranar da za ka nuna ka ce yau ce.

Na Keita ya fi wannan girma. A 1984, shekarar da damina ta sake ƙin zuwa, aka fara aikin raya karkara na Adar Dutsi Majiya, wanda kowa ya sani da furoje Keita, da kuɗin Italiya, da ƙwararrun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM da ake biyan leburori da shi. Maza sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, don haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka ɗauko duwatsu a ka daga kan tuddai, suka jera su a kan fako don tare ruwa, suka haƙa ramuka a jikin dutse inda ko akuya ba ta tsayawa, suka taya gina madatsun da suka rage haukan ƙoramu. Cikin kimanin shekara ashirin an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an farfaɗo da fili fiye da hekta dubu 30. Wanda ya bi hanyar Tamaske zuwa Keita ko ya gangara Ibohaman zai ga tuddan da dā ƙuru-ƙuru suke, yanzu da duhun itatuwa. Aikin bai warware komai da komai ba: jama'a ta ninka, gona ta yi kaɗan, samari ba su fasa tafiya ba, wasu madatsun kuma sun cike da yashi ko sun karye don ba a kula da su. Duk da haka, in ana neman abin da ya cika ma'anar kalmar 'yanci a wannan yanki, wato mutum ya iya ci daga ƙasarsa, aikin matan nan ya fi jawabin da aka yi a Yamai kusa da ita. Amma jawabin yana da kwanan wata, su kuwa ba su da shi.

Wani zai ce, to ai wannan ya nuna bikin 3 ga Agusta ya yi amfani, tun da ga itatuwa. Sai a yi hattara. Majiya da Keita ba 'ya'yan biki ba ne. Kowa ya san yadda dashen biki yake: a share fili, a kafa rumfa, manya su zo da manyan riguna, kowa ya riƙe ɗan icce a ɗauke shi hoto, a zuba ruwa da buta, a watse. Kafin watan ɗari akuya ta gama da rabi, bazara ta ƙarasa saura, baɗi a dawo kusa da wurin a sake. Kuma babbar shaida tana maƙwabtanmu. A jihohin Maradi da Damagaram, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tsiron da ke fitowa daga kututturen gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da hekta miliyan biyar, itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an dasa su ba, ba rumfa, ba makaɗa. Da sabon gini gara yaɓe, in ji Hausawa. Idan haka ne, me ya rage wa ranar? Abin da ya rage mata, a ganina, shi ne ta zama ranar lissafi. Ɗan kasuwa yana da ranar da yake ƙirga kaya, mai adashi yana da ranar kwasa. Amfanin sa rana shi ne ta tilasta maka tsayawa ka ba da bayani, shi ya sa aka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar dashe da ba a faɗin nawa suka rayu cikin na bara, uwar ɗiya ce da ta sa rana ta kuma hana a tambaye ta kayan ɗaki.

Mu koma kan haihuwa da mutuwa, domin nan ne jerin ya fi nuna wariyarsa. Bahaushe bai taɓa rasa hanyar riƙe lokaci ba. Ranar mako yake riƙewa, har ya sa ta a suna: Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Lami, Ɗanjuma da Jummai, Asabe. Shekara kuma da abin da ya faru a cikinta yake kiranta. Tsofaffi sun gaji sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, kuma har yanzu ana cewa an haifi wane shekarar El Buhari, wato yunwar 1984 da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Wannan lissafi yana da wani ƙarfi da na Turawa ba shi da shi, domin yana gaya maka yadda shekarar ta kasance a cikin cikin mutane. Rauninsa kuwa shi ne ba ya shiga takarda, kuma yana mutuwa da masu shi. Shi ya sa takardun dattawa da yawa a ƙasar nan suke cewa an haife shi wajajen shekara kaza, kuma shi ya sa ofisoshi suka saba rubuta 1 ga Janairu ga wanda ba a yi rajistar haihuwarsa ba. Duba ko a sama: shugabannin ƙasa biyu da suka bi juna, Mahamadu Isufu da Mohamed Bazum, dukansu 1 ga Janairu takardunsu suka nuna, ɗaya 1952, ɗaya 1960. Wanda zai tsara jerin haihuwar 'yan Nijar da takardun hukuma zai ɗauka cewa matan ƙasar nan sun haɗa baki suna haihuwa rana guda. Abin dariya ne, har sai yaro ya zo jarrabawar lakwal an ce ba shi da takarda, ko ɗan bida ya tsaya a kan iyaka ba abin da zai nuna.

Tarihin gari ma haka yake. A 1901 Abzinawan Kel Geres suka kara da sojojin Faransa a Galma, nan cikin ƙasar Madawa, kuma faɗan yana cikin abin da ya buɗe wa Turawa wannan yanki. Yara nawa ne a Galma ko Azarori suka san da shi? Abin da aka rubuta a kansa da kwanan wata, hafsoshin da suka ci yaƙin ne suka rubuta, da idonsu da son ransu. Sai da masana irin su Farfesa Jibo Hamani suka bi tsofaffi gari gari kafin tarihin Adar na kafin Turawa ya samu shiga littafi da muryar mutanensa. Jerin rana mai kamar ta yau ba ya ƙin mu da gangan. Abin da aka rubuta yake kwasa, wanda bai rubuta ba kuwa ko ya kau da dutse ba ya ciki.

Akwai masu kare wannan jeri da cewa yana buɗe wa matasa ido, yana sa su san duniya ta wuce garinsu. Na yarda, kuma ban ce a daina karanta shi ba. Sai dai sanin cewa abu ya faru dabam yake da sanin abin da ya jawo. Ɗauki layin 1914. In aka karanta shi haka kawai, labarin Turawa ne. In aka ja zarensa, sai a ga yaƙin da aka ƙaddamar a ranar shi ya sa Faransa ta matsa wa ƙasashen da ta mallaka da neman sojoji da raƙuma da hatsi, a lokacin da mutane ba su gama fita daga Kakalaba ba, kuma a cikin wannan matsi ne jagoran Abzinawa Kawsan ya kewaye Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Ko layin Muritaniya: Wuld Taya yana Saudiyya wajen ta'aziyyar Sarki Fahad aka kifar da shi, jirginsa kuma a Yamai ya sauka, ranar da Nijar ke bikin cika shekara 45. Haka kuma ba a banza ba sojojin da suka karɓi mulki a 2023 suka zaɓi daren 3 ga Agusta don shelar soke yarjejeniyoyin soja da Faransa. Sun san nauyin da ranar ke da shi a kunnen jama'a, suka ɗora nasu a kai. Layi ɗaya da aka bi har gida ya fi ashirin da aka karanto a guje.

Don haka kirana ga hukumomin gari na Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohaman, da na Buza da Karofan da Tama, da na Madawa da Bangi da Sabon Gida: bana, kafin a miƙa wa babban baƙo ɗan icen da zai dasa, a tashi a faɗa wa jama'a nawa aka dasa bara, a ina, nawa ke raye, wa aka ɗora wa kula da su. Gidajen rediyon karkara kuma su ɗauki na'ura su shiga ƙauyuka. Matan da suka ɗauki dutse a 1984 suna da shekara ashirin, yau sun haura sittin. A ɗauki muryarsu, a rubuta sunan tudun da kowace ta yi aiki a kansa da shekarar da aka yi shi. Kai kuma maigida, in an yi maka haihuwa a wannan damina, kafin a yanka ragon suna ka je a rubuta ranar.